Shatar bas daga Babura zuwa Miriya: abin da ya same mu da Inna a bakin iyaka

Kuɗin shata na biya, ba kuɗin kujera ba, kuma dalilina guda ɗaya ne: kada a yi ta sauke Inna daga wannan mota ana ɗora ta a waccan. Shekarunta sun haura saba'in da biyar, gwiwoyinta ba sa lanƙwasuwa sai da ƙyar, kafin ta hau bas sai mutum biyu sun kama ta. Wannan na faɗa wa mai motar tun ranar da muka zauna ciniki a tasha, a gaban ɗan kamashon da ya haɗa mu. Na ce daga ƙofar gidanmu a ƙauye, nan gefen Babura, har ƙofar gidan danginmu a Miriya, kusa da Damagaram a ƙasar Nijar, sannan bayan kwana uku ya dawo da mu. Ya dafa ƙirji ya ce, "Malam, Damagaram ai gida ce, ba na wata biyu ban shiga ba." A nan take na ba shi rabin kuɗin, kafin alƙalami.

Mahaifin Inna mutumin Miriya ne. Yana saurayi ya gudo kudu a zamanin aikin tilas na Faransa, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Ya yi karatun allo a ƙasar Kano, ya yi aure, ya kafa gida, har Allah ya karɓi ransa bai koma ba. Dangin can su ne suke zuwa mana, wani lokaci da biki, wani lokaci da ta'aziyya, amma Inna ba ta taɓa taka garin ba. Sau uku muna sa rana. A 2019 aka rufe iyaka a watan Agusta, ba a buɗe ba sai ƙarshen 2020. Muka sake shiri a daminar 2023, sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli, aka sake rufewa har zuwa Maris ɗin 2024. Daga nan kuma rashin lafiyarta ta hana. Shi ya sa da aka gama girbi bana, yara suka samu hutu, na ce ko me zai ci sai mun je.

Mu goma sha ɗaya ne: ni da maiɗakina da yaranmu huɗu, Inna, Kawu, ƙanwata da goyonta, da wata gwaggonmu. Tun da Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025 kowa ke cewa a je da takardu cikakku, don haka na ɗauki makonni ina haɗawa. Katin ɗan ƙasa na kowane babba, takardun haihuwar yara, da katin nan mai ruwan ɗorawa na allurar shawara. Har Kawu da yake cewa shi tun yana yaro yake shiga Magarya da jaki ba wanda ya taɓa tambayarsa takarda, sai da na sa aka yi masa. Na tambayi mai motar ko nasa takardun a shirye suke, ya ce kada in damu.

Motar Hiace ce, ba laifi, kujerunta da kyau, an wanke ta. Ya yi lattin awa guda, ban riƙe wannan a raina ba. Muka ɗora Inna a layin farko bayan direba, aka sa mata matashi a ƙarƙashin ƙafa, ta yi addu'ar tafiya da ƙarfi yara suna amsawa. A Babban Mutum na sauka na canza naira zuwa sefa wajen 'yan canji. Har zuwa nan babu abin da zan ce.

Tun kafin mu ƙarasa shinge na ga direban ya rage gudu fiye da kima, ya gangara gindin wata bishiya ya kashe mota. Ya ce zai gaida wani, minti biyar. Muka zauna. Minti biyar ta zama rabin awa. Da na gaji na tattara takardunmu na jagoranci mutanena muka je da ƙafa, Inna kawai muka bari a mota da ƙanwata. Ma'aikatan ɓangarorin biyu ba su wahalar da mu ba ko kaɗan, wannan dole in faɗa. Suka duba, suka rubuta sunaye, ɗaya ma ya taso da kansa ya zo har mota ya ga Inna don kada a taso ta. Cikin ƙanƙanen lokaci tamu ta ƙare. Sai wani babba a cikinsu ya kira ni gefe ya ce, "Malam, ku ba ku da matsala. Motarku ce ba za ta shiga ba." Ya nuna mini abin da direban ya kawo. Takardar mallakar mota fotokwafi ce, sunan da ke jiki ba nasa ba, inshorar kuma ta daɗe da ƙarewa. Da irin waɗannan ba a ba mota lesefase, wato takardar izinin shiga ƙasa. Ko ni da ba direba ba na gane haka da ido.

Na koma wajensa raina a ɓace amma ban ɗaga murya ba, saboda Inna tana ji. Ya ce ai dā ana wucewa haka, sabon abu ne aka fito da shi, in ba shi lokaci zai daidaita. Ya sake ɓacewa. A nan ne yaron motarsa, wani ɗan saurayi da bai iya ɓoye magana ba, ya ce mini, "Baba, wallahi tun da na fara bin motar nan ba ta taɓa wuce nan ba. Kano muke yi, ranar kasuwa mu zo nan mu juya." Na ce shekara nawa kana binta? Ya ce biyu.

Wannan maganar ce ta fi ƙona mini rai a duk tafiyar. Da faci muka yi, ko lagireto ya fashe, da na ce ƙaddara ce, mota ba ta da alƙawari. Amma mutumin nan ya zauna da ni a tasha, na gaya masa halin da mahaifiyata take ciki, ya san motarsa ba ta ƙetare iyaka, ya karɓi kuɗina ya ce kada in damu. Tun farko juye ya shirya yi mana. Ya ɗauka in muka iso nan ba mu da zaɓi, za mu yarda da duk motar da ya tura mu. Kuma haka ɗin ne, ba mu da zaɓi.

Tun ƙarfe tara na safe muke wurin nan har aka yi la'asar. Lokacin hunturu ne, iska tana kwaso ƙura tana watsa mana, ga sanyi ga bushewar leɓe. Zaman mota ya gagari Inna, ƙafafunta suka kumbura, dole muka sauko da ita, abin da na biya kuɗi don kada a yi. Muka shimfiɗa tabarma a bayan motar inda iska ba ta bugowa sosai. Jaririn ƙanwata ya yi kuka har muryarsa ta dishe. Matan suka rasa inda za su kewaya sai da maiɗakina ta shiga wani gida ta yi sallama, matar gidan, Allah ya saka mata da alheri, ta ba su wuri, ta kuma aiko wa Inna da ruwan ɗumi na alwala. Dambun da muka yi don tsarabar dangi, rabinsa a nan yara suka cinye. Shi kuwa direban sai ya ɓullo ya ce saura kaɗan, ya sake nutsewa cikin masu shayi.

Bayan azahar Inna ta kira ni. Ta ce, "Ko mu koma gida ne? Wataƙila ba a rubuta zan ga garin nan ba." A hankali ta faɗa, ba da fushi ba, kamar wadda ta riga ta sallama. Na ce, "Inna, in sha Allahu a Miriya za ki kwana yau." Na faɗa ne kawai, ban san ta yadda za a yi ba. Na juya na bar wurin don kada ta ga fuskata.

Motar farko da direban ya kawo mana don juye na ƙi. Ta riga ta cika da buhuna da fasinja, wai a matsa a sa mu a tsakani, Inna ta zauna a kan buhu. Muka yi sa-in-sa a nan, Kawu ya shiga tsakani. Ta biyu ce muka shiga, tsohuwar bas ta wani dattijo ɗan Magarya, fentinta ya koɗe, ƙofarta sai an ɗaga kafin ta rufu. Da aka zo biyan kuɗi mutuminmu ya ce abin da ke hannunsa bai kai ba, mai ya cinye, in cika daga baya a cire a ragowar kuɗinsa. Na cika da sefar da na canza don hidimar dangi. Lissafin ma sai da ya rikita ni, domin can da dala ake ƙirge. Dala ɗaya sefa 5 ce, in an ce dala ɗari ana nufin 500, jaka kuma 1,000. Dattijon ya lura na miƙa masa fiye da yadda aka yi, ya ƙirga ya mayar mini da saura a tafin hannuna.

Daga nan tafiyar ta canza. Dattijon ya fito da wani akwatin katako daga ƙarƙashin kujera ya ajiye a ƙasa ya zama matakala, ya ce a sa Hajiya a gaba kusa da shi, can ta fi samun wurin miƙe ƙafa. Ya cire bargonsa ya rufa mata. Muka wuce Tinkim, a Magarya ya tsaya muka yi magariba, ya nuna mana inda za mu sayi burodin nan dogo da shayi, yara suna ta mamakin burodi mai kamar sanda. Duk inda ya ga rami sai ya taka birki tun daga nesa ya ce, "Hajiya, a riƙe." A shingayen hanya shi yake sauka da takardunmu ya dawo, ba a taɓa sauke mu ba. Muka wuce Bande cikin duhu. Yana tuƙi yana tambayar Inna sunan unguwar mahaifinta da sana'ar gidansu, tana ba shi amsa, na ji muryarta ta dawo.

Cinikin da aka yi da shi zuwa tashar Damagaram ne kawai. Da muka shiga gari dare ya yi, ina ta tunanin inda zan samo wata motar da mutum goma sha ɗaya da kaya, sai na ga bai shiga tasha ba, ya miƙe gabas. Ya ce, "Kilomita 18 ce, ba zan ajiye tsohuwa a tasha da daren nan ba." Ya kai mu har Miriya, ya yi ta tambayar masu shago da 'yan kabu-kabu har aka nuna mana gidan. Na ba shi ƙari ya ƙi karɓa, da ƙyar ya yarda ya karɓi kuɗin mai. Na karɓi lambarsa muka yi da shi zai dawo ranar Litinin.

Wadda ta fito tarbar mu 'yar ƙanin mahaifin Inna ce, tsohuwa kamarta, da tocila a hannu. Sun taɓa haɗuwa sau ɗaya, shekaru da yawa da suka wuce, a wani biki a gidanmu. Ta haska fuskar Inna ta ce, "Yaya, ashe kin zo." Suka riƙe juna a bakin zaure suna kuka, mu duka muna tsaye da kaya a hannu, ba wanda ya iya cewa a shiga ciki.

Miriya kuwa ta fi yadda nake zato. Da gari ya waye abin da na fara gani kukoki ne, manya-manya, wasu mutum biyar ba za su zagaye su da hannu ba, ga lambuna kore shar a tsakiyar rani. Garin ba shi da girma, a ƙafa muka zagaya da yara. An san shi da ginin tukwane, kuma da ka shiga unguwar maginan za ka ga dalili: randuna da tuluna jere a rana, jajaye, wasu da zanen fari da baƙi a wuya da ciki. 'Yata ta biyu ta zauna kusa da wata mata tana kallon yadda take ɗaga bakin tulu da yatsu da ɗan tsumma jiƙaƙƙe, ta ƙi tashi har aka kira ta cin abinci. Ranar Lahadi kasuwar garin take ci, mutane daga ƙauyuka da amalanke da jakuna da raƙuma, kuma duk abin da na ji ana faɗa Hausa ce, sai dai nan da can a ce lakwal inda mu za mu ce makaranta.

Wani ɗan uwanmu a gidan, tsohon malamin lakwal da ya yi ritaya, shi ya zaunar da mu da daddare ya ba mu tarihi. Ya ce Miriya tana cikin tsofaffin sarautun Sosebaki, su da Dungas da Waca, kuma tana da sarautarta tun kafin Damagaram ta yi ƙarfi ta rinjaye ta. Ya ce Baturen nan ɗan Jamus, Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ta nan ya bi a ƙarshen 1852 kafin ya shiga Damagaram, bayan ya riga ya ga Kano da Gumel a 1851. Ranar Asabar ya raka ni da manyan yara cikin Birni, tsohon garin Damagaram, muka ga fadar Sarkin Damagaram da guntayen ganuwar da ake danganta wa Sarki Tanimu, da gidajen ƙasa masu zane a tsakanin manyan duwatsu. Ya nuna musu cewa Faransawa sun ci garin a 1899, kuma nan ne babban birnin Nijar kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Abin da ya tsaya wa babban ɗana a rai shi ne batun Amadu Kuran Daga. Mu a wajenmu labarinsa na wanda ya kawo wa ƙasar Kano yaƙi ne a zamanin Sarki Alu, can kuwa gwarzo ne da ya ƙi miƙa wuya ga Turawa. Yaron ya yi ta tambaya har muka koma gida.

Inna ba ta je ko'ina ba sai wuri ɗaya. Aka ɗora ta a amalanke aka kai ta kangon gidan da aka haifi mahaifinta, yanzu turken awaki ne a wurin, sai wata tsohuwar kuka a gefe. Ta zauna a gindinta ta yi masa addu'a mai tsawo. Da za mu taho, 'yar uwarta ta ba ta randa guda da surukarta ta gina da hannunta, da tulu biyu da kaskon turare. Ta ce, "Ki riƙa shan ruwa a ƙasar garinku." A daren nan na ce wa maiɗakina na yafe wa direban can. Na ce tunda mun iso, tunda Inna ta ga abin da ta zo gani, ba zan tayar da maganar ba, zan cika masa kuɗinsa mu rabu lafiya. Da a ranar na rubuta wannan sharhi, da wataƙila na ce ku shiga motarsa amma ku tambayi takardu.

Sai ranar dawowa. Dattijon ya zo kan lokaci, ya naɗe randar da ciyawa da tsohon zane, ya sa ta a cikin mota tsakanin ƙafafun Kawu, ba a sama ba. Mun yi da mutuminmu a waya zai jira mu a iyaka ƙarfe goma. Bai zo ba sai wajen biyu na rana, kuma da ya zo, akwai fasinja huɗu a cikin motar da na yi shata, da buhunan wani ɗan kasuwa a but. Ya ce hanya ɗaya ce, a Babura za su sauka, ba za su takura mana ba. Saboda su babu wurin randa a ciki. Na ce a sauke buhu ɗaya, ya ce an riga an biya kuɗinsa. Aka ɗaga randar sama kan kariya. Dattijon yana tsaye bai tafi ba, da bakinsa ya ce wa yaron motar kada ya ja igiya ta kan wuyanta, kuma kada a jingina mata komai. Direban ya ce rana tana yi, a yi sauri. Ni kuma ina can ina fama da ɗora Inna, babu akwatin katako a wannan motar, ban ga yadda aka ɗaure ba.

Ba mu yi nisa da Babban Mutum ba ya faɗa wani rami da gudu. Dukanmu muka ji ƙarar daga sama. Ba wanda ya yi magana. Inna ta sunkuyar da kai.

A ƙofar gida aka sauko da ita gida huɗu, tulu ɗaya ma ya tsage. Kafin a gama sauke kaya ya miƙo hannu yana neman ragowar kuɗinsa cif, ko abin da na cika wa dattijon bai cire ba. Da na nuna masa randar ya ce, "Haba Malam, randa ce fa. Ko a kasuwar nan akwai ta." A gaban Inna ya faɗi haka. Na ce ba zan ba shi ko sisi ba sai a gaban shugabannin tasharsu. Washegari muka zauna, ɗan kamashon ya ba da shaidar cinikin da aka yi, aka cire abin da na biya a iyaka da kuɗin kujerun da ya sayar a cikin shatata, na ba shi saura. Sun ba ni haƙuri, shi bai bayar ba, kuma jiya na gan shi yana lodin Kano kamar yadda ya saba.

Duk wanda zai kai iyalinsa ƙetare ta wannan hanya, kada ya yarda da "kada ka damu". Ya ce a fito da takardar mallaka ta asali da inshora ya gani da idonsa, ya tambayi yaron mota yaushe rabon motar da shiga Nijar, don shi ya fi faɗin gaskiya. In ba haka ba gara tun farko a yi ciniki biyu, ɗaya zuwa iyaka, ɗaya daga iyaka da motar can, kowa ya san inda aikinsa ya tsaya. Ni dai wannan mutum ba zai sake ɗaukar wani nawa ba.

Na ce wa Inna zan aika wa dattijon kuɗi ya sayo mata wata randar a Miriya ya ba wani mai zuwa. Ta ce a'a, ba ita aka ba ta ba. Ta sa jikarta ta tattara guntayen, ta ware wuyan da ke da zanen fari ta naɗe a ɗankwali ta sa a cikin akwatinta. Tulun da ya tsira shi ne a ɗakinta yanzu, a ciki ake zuba mata ruwan sha.